"Tall", "high" da "height": me ya sa tsawo ɗaya na Hausa ya rabu gida-gida a Turanci?

Me ya sa ɗalibin da ya rubuta "my brother is long" zai sha jan biro, wanda ya gyara ya ce "my brother is high" kuma ya sa aji dariya, alhali su biyun abu ɗaya ke ransu, wato yayana dogo ne? Da ji za ka ɗauka rigimar ba ta wuce ƙofar aji ba. Amma duk lokacin da aka buɗe shafin ɗaukar sojoji ko 'yan sanda sai ta fito kasuwa. Matasa su cika shagunan kwamfuta, a zo gurbin da aka rubuta "height", wani ya sa 5.6, wani 168, wani 1.68, wani ma ya zuba nauyinsa don idonsa ya karanto masa "weight". A Facebook kuma ba a rasa masu musu kan ko da gaske Dutsen Dala ya kai mita 534, ko kuma Everest ne ya fi kowane dutse tsawo a duniya.

Duk waɗannan rigingimu uwarsu ɗaya. Bahaushe idan ya ga abu, tambaya guda yake yi: tsawonsa nawa? Mai Turanci kuwa sai ya san abu uku kafin ya zaɓi kalma: abin nan a tsaye yake ko a kwance, jikinsa ake aunawa ko nisansa daga ƙasa, sannan daga ina aka ɗora igiyar awon.

Dogo ɗaya, aiki da yawa

Dubi irin lodin da muke ɗora wa kalmar dogo. Dogon mutum, doguwar hanya, doguwar riga, dogon labari, dogon buri. Jirgin ƙasa muna kiran hanyarsa layin dogo, bishiyar darbejiya kuma dogon yaro. Akwai unguwar Dogon Dutse a Jos, akwai garin Dogon Dutsi a Nijar. Ɗaya ya miƙe sama, ɗaya ya shimfiɗe a ƙasa, ɗaya ma lokaci yake ci, amma kunnen Bahaushe bai taɓa ruɗewa ba, domin sunan da ya biyo baya shi ke fayyace komai. Wasu marubuta na ƙoƙarin ware tsayi ga abin da ke tsaye, su bar tsawo ga na kwance. Dabara ce mai kyau a rubuce, sai dai a bakin mutane kalmomin biyu musanya suke yi babu mai tuhumar wani.

Wannan ba talaucin harshe ba ne. Kowane harshe da inda yake yanka namansa. Mu muna da yaya da ƙane inda Bature ke fama da "brother" guda ɗaya, sai ya ƙara wata kalma kafin a san wane ne babba. A fagen tsawo kuwa shi ne ya yi yanka ƙanana, mu muka bar shi dunƙule. Matsalar mai koyo ita ce yana ɗauko dogo daga kansa, ya nemi kalma ɗaya da za ta tsaya a madadinta, ya tarar da "long" ita aka fara koya masa a firamare, sai ya riƙe ta gam.

A tsaye ko a kwance

Wannan ce tambaya mafi sauƙi. "Long" na abin da ya miƙe daga wannan baki zuwa wancan ne: igiya, titi, kogi, gashi, maciji, har da lokaci. "Tall" na abin da ya kafa gindi a ƙasa ya tashi sama ne: mutum, giginya, raƙumin dawa, hasumiyar masallaci. Falwayar wuta tana kwance a bayan tirela "long" ce, ranar da aka kafa ta sai ta koma "tall", ba tare da an ƙara mata ko taƙi ɗaya ba.

Inda wannan bambanci ya fi fitowa fili shi ne asibiti, wajen awon yara. Duk uwar da ta duba katin awo da kyau za ta iya ganin kalmomi biyu, "length" da "height". A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, yaron da bai kai shekara 2 ba kwantar da shi ake yi a kan allon awo, abin da aka samu shi ne "length". Daga shekara 2 zuwa sama sai a tsayar da shi, a kira sakamakon "height". Ba son iyawa ba ne. Yaro ɗaya, a rana ɗaya, awonsa na kwance yakan ɗara na tsaye da kimanin santimita 0.7, saboda haka ma'aikaciyar lafiya tana ƙarawa ko ragewa idan ta auna shi ta hanyar da ba ta shekarunsa ba. Da wannan awon ake gane yaron da ya tsumbure, wato tsawonsa bai kai na sa'anninsa ba saboda daɗewa cikin ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan laulayi. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 suna cikin wannan hali, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya haura rabi. Don haka wannan 'yar kalmar da ke kan kati ba ado ba ce.

"Tall" da "high": inda ake yawan zamewa

A nan ne gizo ke saƙa, kuma a nan ne nake ganin karin maganarmu ta fi littafin nahawu bayani. Hausawa suka ce kome tsawon wuya, kai ne bisa. Wuya yana da tsawo, kai kuma yana bisa. Kan bai kai wuyan raƙumi tsawo ba, amma ya fi shi nisa da ƙasa. To "tall" na ɓangaren tsawon jiki ne, "high" kuma na ɓangaren bisa.

Ɗauki rimi da shaho a kan reshensa na ƙarshe. Rimin "tall" ne, domin jikinsa ne ya taso tun daga ƙasa har can. Shahon "high" ne, bai fi kamu ɗaya ba amma yana can sama. Yaron da babansa ya ɗora a wuya ranar hawan sallah don ya hango dawakai ya zama "high", bai zama "tall" ba. Ko a taga ma haka ne: "a tall window" doguwar taga ce, mai yiwuwa daga gwiwa har sama da kai, "a high window" kuwa taga ce da aka yi can kusa da rufi, ko da faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba. Kishiyoyinsu ma sun bambanta. Kishiyar "tall" ita ce "short", gajere. Kishiyar "high" ita ce "low", abin da ke ƙasa-ƙasa.

Malaman Turanci sun kasu biyu kan yadda za a koyar da wannan. Kashi na farko suna ba da doka: abin da tsayinsa ya fi faɗinsa a ce masa "tall", kamar mutum da bishiya da hasumiya, mai faɗin gindi kuma a ce masa "high", kamar dutse da ganuwa da katanga. Dokar tana aiki a mafi yawan lokuta, kuma ga mai shirin jarrabawa tana da daɗin riƙewa. Kashi na biyu suna cewa dokar rariya ce. Turawan kansu suna cewa "tall building", su dawo su ce "high-rise building" ga gini ɗaya. Suna cewa "tall grass", suna cewa "high grass". Takalmin mata mai tsini "high heels" ne, kodayake tsinin siriri ne dogo. Idan aka sa lamba kuwa sai ƙofa ta ƙara buɗewa: hasumiyar agogon Makka mai mita 601, ko Burj Khalifa na Dubai mai mita 828 da aka buɗe a 2010, kowannensu za ka ji an ce "metres tall" ko "metres high", babu mai cewa an yi kuskure.

Ni dai ina ganin kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Dokar siriri da faɗi tana taimakawa, amma ba ita ce tushe ba. Tushen shi ne inda hankalin mai magana yake: jikin abin yake kallo daga gindi zuwa kai, ko kuwa nisan ƙololuwarsa daga ƙasa? Wuri ɗaya ne kawai babu sassauci, shi ne mutum. Ɗan Adam "tall" ne. Robert Wadlow na Amurka, wanda ya rasu a 1940 yana da mita 2.72, shi ne "the tallest man" da aka tabbatar da awonsa, ba "the highest man" ba. Idan ka ce wa mai jin Turanci "he is high", abin da zai ji shi ne wane ya sha ya bugu. Saboda haka tambayar ita ce "how tall are you?" ko "what is your height?". Wanda ya tambayi jami'in tantancewa "how high are you?" ya nemi rigima da bakinsa.

Akwai wata dabara da ban cika jin ana koyarwa ba, kuma daga Hausa take. Duk inda Bahaushe zai ce sama, bisa, hawa ko babba, to galibi "high" ce. Farashi ya hau, "high price". Hawan jini, "high blood pressure". Babbar kotu, "High Court". Teburin manyan baƙi a taron biki, "high table". Ko "His Royal Highness" da ake rubuta wa sarakuna daga nan ta fito. Babu Bahaushen da zai ce dogon farashi ko doguwar kotu, ka ga ashe tun asali mun san bambancin, ba mu dai taɓa zama mun sa masa suna ba. Inda kuma za ka ce dogo, to zaɓinka tsakanin "tall" da "long" yake, sai ka koma tambayar tsaye da kwance.

"Tall" ba ta da yawon aro irin na 'yar uwarta. Akwai "a tall order", aikin da cika shi zai yi wuya, da "a tall tale", labarin ƙanzon kurege, sai 'yan kaɗan. Tarihinta ma baƙuwa ce a wannan fage. Kafin ƙarni na 16 ma'anarta jarumi, ko kyakkyawa, ko wanda ya isa, daga baya ne ta koma nufin dogo. Kalma ce da ta fara rayuwa wajen siffanta mutane, har yau kuma a jikin mutum ta fi zama daram.

Ita kanta "height"

Abu biyu ke ba mutane wahala a nan, rubutu da furuci. Ana furta ta "hait", da sautin da ke cikin "high", ba "heit" ba. Makwabciyarta a kan fom, "weight", ita ce ake furtawa "weit". Harafi ɗaya ya raba su a rubuce, amma a baki ba su yi kama ba, kuma babu wata doka da za ta cece ka, haddacewa ake yi.

Wasu kuma sukan ƙara mata "h" a ƙarshe su ce "heighth". Kuskure ne a Turancin yau, amma kuskure mai asali. 'Yan uwanta duka da "th" suke ƙarewa: "length" tsawo, "width" faɗi, "depth" zurfi. Ita ma a tsohon Turanci haka take, har mawaƙin Ingila John Milton a ƙarni na 17 "highth" yake rubutawa. Daga baya siffar da ke ƙarewa da "t" ta yi rinjaye. Wanda ya ce "heighth" kunnensa ne ya bi tsarin harshen fiye da yadda harshen ya bi kansa. Duk da haka mai duba takardar jarrabawa ba zai ba shi maki don tarihi ba.

Babban abin lura shi ne wannan: siffofin biyu ne, amma sunan ɗaya ne. "Tall" da "high" duka a "height" suke haɗuwa. Tsawon mutum "height" ne, nisan tsuntsu daga ƙasa ma "height" ne. Wato abin da Turanci ya raba da hannun dama, ya dawo ya gauraya da na hagu. Shi ya sa idan aka ce "the height of Dala", jimlar ba ta gaya maka komai ba tukuna.

Daga ina aka ɗora igiya?

Ana yawan rubuta cewa tsayin Dutsen Dala mita 534 ne. Duk wanda ya taɓa hawansa ya san da sake. Da daga gindinsa aka auna wannan, da saura ƙiris ya kamo hasumiyar agogon Makka, da kuma babu yaran unguwa da za su riƙa haye shi da gudu da yamma. Amsar ita ce birnin Kano kansa yana zaune a wajen mita 480 sama da fuskar teku. Lambar 534 daga teku aka fara ƙirga ta, abin da dutsen ya ɗara gidajen da ke kewaye da shi kuwa 'yan gomomin mita ne. Dutsen Zuma da ke kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, wanda hotonsa ke jikin naira 100, shi ma haka: wani ya rubuta mita 725, wani ya rubuta kimanin 300, a yi ta musu. Kowa da gaskiyarsa. Na farko daga teku ya auna, na biyu daga ƙasar da dutsen ke tsaye a kai.

Don kauce wa irin wannan ne Turanci ya tanadi wasu kalmomi biyu. "Elevation" ita ce nisan wani wuri da ke doron ƙasa daga fuskar teku: gari, filin jirgi, ƙololuwar dutse. "Altitude" ma daga fuskar teku ake auna ta, amma ta fi zama ga abin da ke cikin iska, kamar jirgin sama, ko ga yanayin zama a wuri mai bisa sosai. A maganar yau da kullum ana musanya su. An zaɓi teku ne don ita ce shimfiɗar da kowa zai iya komawa gare ta, kuma tunda tana cika tana janyewa, matsakaicin matsayinta ake ɗauka a matsayin sifiri.

Matuƙan jirgin sama ba sa wasa da wannan rabo. A wurinsu "altitude" daga teku ne, "height" daga ƙasar da ke ƙarƙashinsu ko daga filin jirgi, "elevation" kuma ta filin ce kanta. Jirgin da ke mita 1,500 sama da teku yana da sarari mai yawa a samaniyar Legas, amma a Jos, da ke wajen mita 1,200, 'yan ɗaruruwan mita ne tsakaninsa da ƙasa. Har yau da ƙafa suke awo a yawancin duniya, shi ya sa alhazai ke jin matuƙi yana sanar da cewa ana tafiya a ƙafa 35,000 ko sama da haka.

Da wannan ma'auni musun Everest ya warware. Nepal da Sin sun sanar a Disamban 2020 cewa ƙololuwarsa na mita 8,848.86 sama da teku, babu wuri a doron ƙasa da ya kai shi bisa. Shi ne "the highest mountain". Sai dai gindinsa yana kan ƙasar da ita kanta ta haura mita 4,000. Mauna Kea na tsibirin Hawaii kuwa mita 4,207 kawai ya leƙo sama da ruwa, amma gindinsa na can ƙarƙashin teku, idan aka auna jikinsa gaba ɗaya ya wuce mita 10,000. Shi ake kira "the tallest mountain". Kome tsawon wuyan Mauna Kea, Everest ne bisa. A Afirka Kilimanjaro ne ke kan gaba da mita 5,895, a Najeriya kuma Chappal Waddi na jihar Taraba da mita 2,419, dukansu daga teku.

"Altitude" da "elevation" daga harshen Latin suka shigo, ba kamar "high" da "tall" da suke 'yan gida ba. Kusan irin zaman sani da ilimi ne a Hausa: ɗaya ta gida ce ta kowa da kowa, ɗaya ta zo ta hannun malamai da littafi. "Altitude" ta fara aiki a Turanci a ƙarni na 14 a hannun masu nazarin taurari, da ma'anar yadda tauraro ya ɗaga daga inda sama ta haɗu da ƙasa. Wannan ma'ana tana nan da ranta. Duk daren duban wata, idan masana suka ce "altitude" na jinjirin wata digiri kaza ne lokacin faɗuwar rana, ba mita suke nufi ba, kusurwa ce. Malamanmu na fiƙihu da ke cewa a jira rana ta ɗaga kamar tsawon mashi kafin a yi walaha ko sallar idi, wannan awon suke yi, da mashi a madadin digiri.

Jiki ya san bambancin

Ba a takarda kaɗai abin ya tsaya ba. Idan ana hawa sama iska tana raguwar nauyi, kowace shaƙa tana shigar da iskar oksijin ƙasa da yadda jiki ya saba, zafi kuma yana sauka da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000. Sanyin Jos da na Mambila ke nan, ba wani sirri.

Masu kallon ƙwallo sun san filin wasa na La Paz, a Bolibiya, wanda ke sama da mita 3,600. A Mayun 2007 FIFA ta hana buga wasannin ƙasa da ƙasa a filin da ya wuce mita 2,500, bisa hujjar lafiyar 'yan wasa da adalci ga baƙi. Ƙasashen tsaunukan Andes na Kudancin Amurka suka ce an nuna musu wariya, mutum ya yi wasa inda aka haife shi. Shugaban Bolibiya na lokacin, Evo Morales, har taka leda ya je ya yi a kan wani tsauni mai kusan mita 6,000 don ya nuna ana iyawa. A 2008 aka jingine dokar. A Afrilun 2009 Ajantina ta je La Paz da Messi a fili, Maradona na koci, aka zura mata 6 da 1. A labarin irin wannan wasa za ka ga "altitude" ce ke yawo a kanun jaridu, ba "height" ba. Da an rubuta "height", mai karatu zai zaci 'yan Bolibiya sun fi su tsawo ne.

Komawa gurbin fom

A sanarwar ɗaukar ƙananan sojojin ƙasa na Najeriya a shekarun nan, ana neman namiji ya kai mita 1.68, mace 1.65. Ta 'yan sanda kuma 1.67 ga maza, 1.64 ga mata. Lambobin da mita suke, domin Najeriya ta koma wannan ma'auni tun shekarun 1970, amma bakin mutane bai bar ƙafa da inci ba. Tela da kafinta da mai sayar da fili duk da su suke aiki, finafinai da wasan kwando na Amurka kuma sun ƙara musu ƙarfi. 'Yan uwanmu na Nijar sun huta da wannan, su mita da santimita kawai suka sani, kodayake Faransanci ma ya raba: "taille" ga mutum, "hauteur" ga gini.

Inci ɗaya santimita 2.54 ne, ƙafa ɗaya inci 12 ce, wato santimita 30.48. Tarkon yana cikin 12 ɗin nan. Ƙafa ba goma-goma take rabuwa ba, saboda haka ƙafa 5 da inci 6 ba ita ce 5.6 ba. Ta farko santimita 167.6 ce, ta biyu kuwa 170.7. Ya fi muni ga mai ƙafa 5 da inci 10, dogon saurayi mai santimita 177.8. Idan ya rubuta 5.10, kwamfuta za ta karanta 5.1, ta mayar da shi mai santimita 155, ta zubar da shi tun kafin wani jami'i ya sa shi a ido. Idan gurbin ya ce mita, a rubuta 1.78. Idan ya ce santimita, a rubuta 178. Idan ya ce ƙafa da inci, a raba su, kowanne da gurbinsa ko da alamarsa.

Ga ɗan taƙaitaccen lissafi ga mai buƙata: ƙafa 5 da inci 5 ita ce santimita 165.1, ƙafa 5 da inci 7 ita ce 170.2, ƙafa 6 cif kuma 182.9. A jimla ana cewa "he is six feet tall", amma idan awon ya zo gaban suna sai "feet" ta koma tilo, a ce "a six-foot man".

Lokacin ɗaukar aiki ne kuma kasuwar masu tallar maganin ƙara tsawo ke ci a intanet. Ƙashin ɗan Adam yana tsawo ne ta wani guringuntsi da ke kusa da ƙarshen dogayen ƙasusuwa, wanda ke rufewa a ƙarshen shekarun balaga, na mata kuma yakan riga na maza rufewa. Bayan ya rufe babu ƙwaya ko garin magani da zai sake buɗe shi. Abin da ke yanke tsawon mutum gado ne da kuma abincin da ya samu yana ƙarami, wato wancan katin awon da aka cike masa yana goye.

Abu ɗaya ne ke motsi, shi ma kaɗan. Mutum ya fi tsawo da safe fiye da yamma, da santimita 1 zuwa 2, domin faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna matsewa da nauyin jiki a wunin tsaye, su saki idan an kwanta. A filin tantancewa babu takalmi babu hula, diddige da baya a jikin ma'auni. Saurayi mai ƙafa 5 da inci 6 daidai, wato santimita 167.6, ya tsallake layin 'yan sanda, amma na soja ya fi shi da ƙasa da rabin santimita. Irinsa, tsakanin a kira lambarsa da hantsi da a kira ta bayan la'asar, sakamakon na iya bambanta.